Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta Ta Daina Shiga Na'urar Saƙon Murya

Wannan tambayar ta zo ne daga Jos, daga wani ma'aikacin otal da ya nemi a sakaya sunansa. Ya ce tun da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kwamfutarsa ta daina shiga na'urar da ke ajiye wa baƙi saƙon murya, allo baƙi ƙirin kawai yake gani. Ina mafita?

To Malam, mun gode da tambaya. Da farko ka ɗaga wayar ɗaki ka kira lambar saƙon murya. In ta amsa, na'urar lafiyarta lau, matsalar tana tsakaninta da kwamfuta.

Sai ka duba igiyar da ta haɗa su. Irin waɗannan na'urori galibi igiyar siriyal suke amfani da ita, kuma iri biyu ce: miƙaƙƙiya da mai sarƙaƙƙun wayoyi a ciki. A ido kamarsu ɗaya, amma wannan ba ta aikin waccan. In ta USB ka haɗa, sauya rami kan sauya lambar ƙofar COM, don haka ka tabbatar lambar da ke cikin manhajarka, kamar PuTTY, ita ce daidai.

Na uku, saurin sadarwa. Sau da yawa 9600 ne. In haruffa sun fito a hargitse, saurin ne bai dace ba. Gyara shi, ka danna Enter.

Gargaɗi, Malam: kada ka mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani, kada ka yi, domin saƙonnin baƙi da tsarin ɗakuna na iya gogewa. In kalmar sirri ce ta ɓace, kira waɗanda suka girka ta. Allah Ya sa a dace.