Kusurwar Kimiyya: Na'urar da ke Karanta Ƙwaƙwalwa Bayan Buguwar Kai

'Yan uwa ɗalibai, ƙwaƙwalwarmu da lantarki take aiki. Ba irin na NEPA ba, ɗan mitsitsi ne wanda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan ɗan Adam a 1924. Gwajin ana kiransa EEG.

Ana manna ƙananan ƙarafa kamar 20 a fatar kai, a jona su da kwamfuta. Babu yanka, babu zafi, kuma na'urar ba ta sa wa mutum wuta, karɓa kawai take yi. Sai layuka masu hawa da sauka su bayyana. Lafiyayye da ya rufe ido yana hutawa, layinsa kan kaɗa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa ɗaya. Wurin da ya ji rauni kuwa yakan yi sanyi, wani lokaci ƙasa da sau 4, irin na mai barci mai nauyi.

Me ya kawo wannan darasi bangonmu? Buguwar kai ba baƙuwarmu ba ce: haɗarin babur tsakanin Anka da Gummi, da ruftawar ramin zinare a ƙauyukan Bukkuyum. Wanda ya bugu sosai yana iya kwanciya a sume, jikinsa shiru, alhali farfaɗiya na ci a cikin ƙwaƙwalwarsa ba tare da jijjiga ko kumfa ba. Ido ba ya ganinta. Hoton CT yana nuna jini da tsagewar ƙashi, amma wannan ɓoyayyiyar farfaɗiya sai EEG, kuma idan an gano ta akwai maganinta. Wani kuma sai bayan watanni, har shekaru, zai fara faɗuwa, lokacin an manta da haɗarin. Nan ne ake cewa iskoki ne, abin da a ganina ke jinkirta maganin mutane da yawa.

Yawan amai bayan buguwa, ruɗewa, barcin da ba a iya tayar da mutum, ko ruwa da jini daga kunne, duk na gaggawar asibiti ne. Masu rauni mai tsanani akan tura su Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa.