LEDA DA ROBA BA IRI ƊAYA BA NE

Duk mahaucin da ya daɗe yana fawa ya san wannan abu: a buɗe tumbin akuya ko na saniya, a iske leda ta cure a ciki kamar igiya. Tun dabbar tana da rai, ba ta cin abinci sosai, tana ramewa, cikinta a kumbure. Mai ita yana tsammani ciwo ne, yana ta sayen magani. Alhali leda ce ta toshe ciki, ba ta narkewa, ba ta fita. Bisashe sun fi cin ta da rani, lokacin da haki ya ƙare, balle ledar da aka ƙulla gishiri ko ƙosai.

Gona ma ba ta tsira ba. Manoman kewayen Maraɗi, Damagaram da Tawa suna kai sharar gari gona da amalanke don taki. A da, sharar toka ce da ƙaiƙayi da kashin dabbobi. Yanzu leda ta cika ta. Ledar da ta shiga ƙasa tana tare ruwan sama, tana tare saiwar hatsi. Rana tana farfasa ta ƙanana-ƙanana, amma ba ta zama taki.

Leda da roba daga man fetur ake yin mafi yawansu, irin man da ake haƙowa a Agadem. Sai dai iri-iri ne, kuma in an haɗa iri biyu wajen narkarwa, abin da aka ƙera ba ya ƙarko. Shi ya sa a 1988, a Amurka, aka fito da lambobi daga 1 zuwa 7. Ana buga lambar a gindin kaya, cikin wata ƴar alama mai kusurwa uku. Wanda ya koyi lissafi a makarantar yaƙi da jahilci yana iya juya gora ko bokiti ya karanta da kansa. In babu lamba, a yanki ɗan guntu a jefa cikin ƙwaryar ruwa. Mai lamba 2, 4 da 5 yana tasowa. Mai lamba 1 da 3 yana nitsewa.

Wadda ta fi kuɗi ita ce roba mai kauri, lamba 2 da 5: bido, bokiti, daro, buta, kujera. Kafin a ce ta mutu, a kai wa mai gyara. Da ƙarfe mai zafi yake liƙe tsaga, amma sai da guntun roba irin ta kayan, in ba haka ba liƙin ya ɓalle. Wadda ta fi ƙarfin gyara, masu saye suna auna ta da kilo. Ana ware ta launi-launi, a wanke, a niƙa a inji, a narkar, a zuba wani sabon daro ko buta. A Kano akwai masana'antu da yawa masu wannan aiki. Robar da aka wanke, aka ware, ta fi wadda aka haɗa da ƙasa daraja wajen mai saye.

Gorar ruwa da ta lemu lamba 1 ce. Mata sun riga sun san amfaninta: man gyaɗa, zoɓo, nono. A wanke ta da sabulu, kuma kada a zuba mata abu mai zafi, don tana lanƙwashewa. A 2011, a Sabon Yelwa kusa da Kaduna, an gina ɗaki da irin waɗannan gorori. An ɗura musu rairai, an jera su kamar tubali, an ɗaure da igiya, an liƙe da laka.

Lamba 3 ita ce ta bututun ruwa, tiyo, rigar wayar lantarki da wasu takalman roba. Ita ce mafi mugun hayaƙi. Hayaƙinta yana cin ido da maƙogwaro, yana ɗauke da guba. Kada ta kusanci wuta. Farar roba mai kama da kumfa, wadda ake zuba abincin sayarwa, lamba 6 ce, masu sayenta kuwa kaɗan ne.

Saura baƙar leda da ledar ruwan sha. Su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi wuyar tarawa, don sai an cika buhu kafin a sami nauyin kirki. A Yamai da Agadas an narkar da leda cikin tukunyar ƙarfe, an gauraya da rairai, an zuba tubalin daɓen hanya. Aikin yana son wanda ya koya, da fili mai iska, da abin rufe hanci. A Bobo Julaso, ƙasar Burkina Faso, mata suna wanke leda, su yayyanka ta siri-siri, su saƙa jakunkuna. Macen da ta iya saƙar tabarma ko faifai ba za ta sha wuyar koyon wannan ba. Amma hura wuta da leda, kamar yadda ake yi da damina in icce ya jiƙe, ba dabara ba ce: hayaƙin yana shiga ƙirjin mai dahuwa da na goyonta.

Gomnati ta yi doka mai lamba 2014-63, ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙera leda maras kauri, shigowa da ita, sayar da ita da aiki da ita a Nijar. Duk da haka leda ba ta bar kasuwa ba. Sarrafawa kaɗai kuma ba ta isa: wani bincike na 2017 ya nuna cikin kilo 100 na sharar roba da duniya ta tara zuwa 2015, kilo 9 kawai aka sake sarrafawa. Mai zuwa kasuwa da kwando, ƙwarya ko jakar zane ya rage wa awakinsa haɗari.

Akwai roba ɗaya da ba a sayarwa, ba a kuma sake aiki da ita: bidon maganin ƙwari. Ko an wanke, guba tana nan cikin jikin robar. Kada a zuba ruwa, nono ko mai a ciki. A ɗauraye shi sau 3, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, a huda gindinsa don kada yaro ya ɗauka, sannan a tambayi mushen gona inda za a kai shi.