Saƙar Kwarashi Mai Launi Biyu: Yadda A Ke Goyon Zare

Sa'ad da hunturu ya sauka a ƙasar Gobir, iska ta taso daga arewa ta bi ta Burkusuma da Sabon Birni har Isa, ba wanda ya fi jariri shan sanyi. Saboda haka mata da yawa su kan sayi zaren ulu su saƙa masa mayafi da kwarashi. Amma sau da yawa, wanki biyu ko uku, sai a ga mayafin ya fara warwarewa. In an duba, daga wurin ƙulli ɓarnar ta ke farawa, watau inda mai saƙa ta yanke jan zare ta ƙulla fari. Wannan darasi zai nuna miki yadda za ki sāke launi ba yanka, ba ƙulli.

Asalin kalmar kwarashi daga bakin Faransa ta fito, ma'anarta ƙaramar ƙugiya. Irin saƙar da za mu koya kuwa Turawa suna ce mata saƙar kaka, ta yi tashe ƙwarai a Amurka da Ingila wajen 1970. 'Yan gidaje a ke saƙawa masu kusurwa huɗu, sa'an nan a haɗa su. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama haka masaƙi ya ke saƙa ƙyalle siriri mai faɗin tafin hannu, a haɗa da yawa a ɗinke, su zama gwado.

Da fari ki nemi zare launi biyu masu kauri ɗaya. In rinin gida ne, ki jiƙa guntu cikin ruwa ki ga ko yana zuba, don kada baƙi ya ɓata fari.

Abu biyu za ki riƙe, sarƙa da sanda. Sarƙa ita ce jawo zare ta cikin idon da ke bisa kwarashi. Sanda kuwa ga yadda a ke yinta: ki naɗa zare a kwarashi, ki soka, ki jawo, idanu su zama 3. Ki naɗa ki fid da 2, ki sāke naɗawa ki fid da 2 da suka rage.

Ki yi sarƙa 4 da jan zare, ki haɗa ta zama zobe. Ki yi sarƙa 3, ita ce a madadin sanda ta fari, ki ƙara sanda 2 cikin zoben, sa'an nan sarƙa 2. Ki yi sanda 3 da sarƙa 2 har sau uku, ki haɗa da kan sarƙar farko. Kin sami sanda 12 da kusurwa 4 ke nan. A zagaye na biyu, ko wace kusurwa ta sami sanda 3, sarƙa 2, sanda 3, da sarƙa 1 tsakaninta da ta gaba. A na uku da na huɗu haka za a yi wa kusurwoyi, ko wace kafa ta gefe kuma ta sami sanda 3. Ko wane zagaye yana ƙara sanda 12: watau 12, 24, 36, 48. In lissafinki bai fito haka ba, akwai kuskure, sai ki koma ki ƙirga.

To, ga wurin sāke launi. Da kin rufe zagayen farko, ki bi ta kan sanda 2 kina soka kina jawowa ba naɗi, har ki kai bakin kusurwa. A sukar ƙarshe, ki saki ja, ki jawo fari. Kada ki yanke jan, ki bar shi a bayan saƙa. Sa'ad da ki ke yin sarƙa 3 na sabon zagaye, ki riƙa gicciya farin a kan jan kafin ko wace sarƙa, sai su hau tare. Wannan shi ne goyon zare. In kin kewayo kin rufe, ki kwantar da jan ki bi kansa har kusurwa, ki ɗauke shi, farin kuma ya koma goyo.

In kuwa so ki ke launi ya sāke cikin zagaye guda, sanda 3 ja, sanda 3 fari, sai ki kwantar da zaren da ke hutawa a gindin inda ki ke soka, sandunan su rufe shi, kamar yadda mai saƙar faifai ta ke rufe ciyawar ciki da kaba. A sanda ta uku, in saura ido 2, ki ƙarasa ta da sabon launi. In kin ƙarasa da tsohon, zai hau kan sandar gaba ya ɓata zane. Inda a ke sarƙa kuwa, ki riƙa gicciyawa, domin saƙar nan mai kafofi ce, zaren da ya ratsa kafa a fili ya ke.

Akwai abu uku na lura. Na ɗaya, in kin ja zaren goyo da ƙarfi, gidan zai lanƙwashe kamar ƙoƙo. Na biyu, in kin sake shi ƙwarai, zai yi lilo a baya, ya kan iya naɗe yatsar jariri ya tsare jini har ta kumbura, shi kuwa ba shi da bakin faɗa sai kuka. Saboda haka ki juya ko wane gida ki sa ɗan yatsanki. In ya shige ƙarƙashin zare, ki warware ki gyara. Na uku, ki ajiye ƙullin zare ɗaya a dama cikin ƙwarya, ɗaya a hagu, don kada su sarƙe.

Ba kullum a ke goyo ba. In launi zai huta fiye da zagaye 2, gara ki yanke shi, ki bar jela mai tsawon taƙi ɗaya, ki sa a allura ki cusa cikin sanduna gaba da baya. Amma ki duba riba. Gida mai zagaye 4, in ana yanka ko wane zagaye, jela 8 za a bari. Da goyo kuwa 4 kaɗai. Mayafi mai gida 36, watau 6 a tsaye 6 a kwance, jela 288 ke nan ta koma 144. Zare ya ragu, aiki ya ragu, wurin warwarewa kuma ya ragu.

Ki fara da gida ɗaya tak, ki wanke shi, ki shanya, ki ja shi ta kusurwa huɗu. In bai saki ba, ki kama na biyu. Wadda ta fara da kaka, in Allah ya so, kafin sanyi ya kankama ta gama.