Yadda Ake Tsara Hanyar Keke a Karkarar Faransa da Fayil ɗin GPX

Mai tuƙa keke a hanyoyin burji na karkarar Faransa yana iya shiga inda sabis ya ɗauke, taswirar wayarsa ta ƙi buɗewa. Maganin wannan shi ne fayil ɗin GPX.

GPX ƙaramin fayil ne a tsarin XML, wanda ke jera wuraren da hanya ta bi, ɗaya bayan ɗaya. GPS ɗin waya kuwa daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, don haka ba ya buƙatar data.

Mu ɗauki Canal du Midi, magudanar ruwa mai tsawon kilomita 240 daga Toulouse zuwa tafkin Thau. Hanyar gefenta wani wuri kwalta ce, wani wuri ƙasa ce mai saiwoyin bishiya da kan yi taɓo bayan ruwan sama.

1. Buɗe manhajar Komoot, ka zaɓi keken tsakuwa, ka zana hanyar.

2. Duba irin ƙasar da ta nuna. Bayanan daga OpenStreetMap suke, 'yan sa-kai ne ke shigar da su, wani lokacin sun tsufa. Gwada su da hotunan sama na hukumar taswirar Faransa, IGN.

3. Fitar da GPX ɗin, ka shigar da shi cikin OsmAnd, sannan ka sauke taswirar yankin tun kana da intanet.

4. Kashe data ka buɗe taswirar. Idan layin hanyar da ɗigon inda kake sun fito, ka shirya.

GPS na cin batir, saboda haka ka tafi da fawabanki. Lambar gaggawa a Faransa ita ce 112.