Inna, Yaushe Rabonki da Dariya?

A nan Barmu, idan tsofaffi suka zo awon tansiyo, bayan na tambayi barci da cin abinci da yawan gishiri a miya, nakan ƙara tambaya guda wadda babu ita a takardar aiki: "Inna, yaushe rabonki da yin dariya har ki riƙe ciki?" Wasu sukan ce, "Kai ɗan nan, majo ne kai ko ɗan kama?" Wasu kuwa sai su yi shiru suna lissafi. Masu lissafin nan su nake ƙara zama da su, domin sau da yawa abin da ya kawo su ya wuce ciwon kan da suka faɗa a bakin ƙofa.

Masana sun daɗe suna auna abin da dariya ke yi wa jiki. A 2011 Robin Dunbar na Jami'ar Oxford a Ingila da abokan aikinsa suka gwada juriyar zafi. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce su ɗaura wa mutum irin abin awon jinin da nake ɗaura muku a damtse, su yi ta hura shi har sai ya ce ya isa. Waɗanda suka kalli abin ban dariya tare da wasu na kamar minti 15, juriyarsu ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari. Waɗanda aka nuna wa shirin da ba ya sa dariya ba su samu wannan ƙarin ba. Kuma murmushin kara ko 'yar dariyar ganin ido ba su yi aikin ba, sai wadda ke girgiza ƙirji ta bar mutum yana haki. A 2017 masu bincike a Turku ta ƙasar Finlan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 12 bayan sun yi dariya da abokansu, suka ga ta saki endofin, sinadarin rage zafi da jiki ke haɗawa da kansa.

Ta fuskar jini, likitan zuciya Michael Miller, lokacin yana Jami'ar Maryland a Amurka, ya auna jijiyar hannun mutum 20. Bayan fim na barkwanci gudun jini ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari, bayan fim na yaƙi mai tada hankali kuma ya ragu da kashi 35. A Jafan, a 2003, an ba masu ciwon suga 19 abinci iri ɗaya kwana biyu. Rana ta farko suka saurari lacca mai gundura, ta biyu suka kalli 'yan barkwanci, kuma sugan bai hau sosai ba a ranar dariyar. Mutum 12, mutum 19, mutum 20: ba su kai matan da ke layin awo a safiya guda ba, don haka a ɗauki waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan.

Bincike mafi girma a cikinsu shi ne na lardin Yamagata a Jafan, inda aka bi mutum fiye da 17,000 masu shekara 40 zuwa sama har kimanin shekara 5. Waɗanda ba sa dariya ko sau ɗaya a wata, mutuwa a cikinsu ta kusan ninka ta masu yi kowane mako. Sai dai wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa dama ba zai yi dariya ba, saboda haka ba za a ce rashin dariyar ne ya kai su kushewa ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ɗaukewar dariya alama ce, kuma ma'aikacin lafiya da alamu yake aiki.

Binciken da ya fi shafar mu a nan ƙasar Adar shi ne na Robert Provine, wani masani a Amurka da ya riƙa bin wuraren taruwar jama'a yana rubuta abin da aka faɗa kafin a tuntsire da dariya, har sau 1,200. Ya gano cewa mutum ya fi yin dariya sau 30 idan yana cikin mutane fiye da idan yana shi kaɗai. Abin mamaki, ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na dariyar ne ke biyo bayan barkwanci na gaske. Sauran duk maganar yau da kullum ce, irin "har ka tashi?" ko "ina ka shiga jiya?" Wato zaman taren ne ke haifar da ita.

To ku dubi garuruwanmu bayan an ɗaure dammunan hatsi. Samari da magidanta sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Fadar shayi ta watse. Gida ya rage daga tsohuwa sai suruka, ga kunya tsakaninsu, ga ɗawainiyar ruwa da itace da daka. Kuɗi na zuwa ta waya, Allah Ya saka wa masu aikowa, amma hira ba ta biyo su. A wannan lokacin ne nake yawan ganin mace ta zo da ciwon jiki, da faɗuwar gaba, da rashin barci. A gwada zazzaɓin sauro babu, a auna jini daidai. Kinin zai rage mata ciwon na kwana biyu ta dawo.

Iyayenmu sun bar mana hanya, ba sai mun aro ba. A Indiya sai da wani likita, Madan Kataria, ya kafa ƙungiyar masu taruwa su yi dariya da gangan a birnin Mumbai a 1995. Mu kuwa muna da tobassai, muna da wasan kaka da jika, muna da kuɗin shara a watan cika-ciki. Akwai wasan Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Bagobiri da Bazabarme, Buzu da Bazabarme. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasan dangi na Nijar cikin gadon al'adun duniya. Ni a wurin aiki yake yi mini rana. Tsohuwar da ta ƙi allura, idan na ce, "Haba matata, a gaban kishiyarki za ki kunyata ni?" sai ta ce, "Tafi can, mijin da ko goro bai iya saye ba," tana dariya tana miƙo hannu. Kafaɗa ta saki, numfashi ya daidaita. Shi ya sa ma idan awon farko ya yi sama nakan bar mutum ya huta, mu taɓa raha, sannan in sake aunawa. Tsoron likita kaɗai yana iya ɗaga jinin wasu.

Wasan nan yana da iyaka. Dariyar da ake yi da mutum daban, wadda ake yi masa daban. Yi wa mai farfaɗiya, ko mai yoyon fitsari, ko mai in'ina dariya na sa su ɓuya a ɗaki su ƙi zuwa neman magani, kuma addini ya hana izgili. Malamai sun yi gargaɗi kan ƙyalƙyala marar dalili da wuce gona da iri, ba su hana sakin fuska ba. Bahaushe ma ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ajiye maganinsa. Mai hawan jini ya ci gaba da shan ƙwayarsa kullum, mai suga ya kiyaye abin da aka hana shi. Dariya mai ƙarfi tana iya tayar da asma, tana iya turo gwaiwa, kamar yadda likitoci biyu na Ingila, Ferner da Aronson, suka tattara a 2013. Wadda aka yi wa aikin haihuwa ta dafa matashi a kan ɗinkin idan dariya ko tari ya zo.

Idan akwai wani a gidanku da aka san shi da raha, sai ga shi ya yi mako biyu ko fiye ba ya fita, ba ya cin abinci sosai, ko jikokinsa sun tsokane shi ba ya ramawa, kada a tsaya kan cewa tsufa ne ko tunanin ɗa. A kawo shi likita mu duba shi, domin ciwon damuwa yana da magani. In ya fara cewa ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare guda. A zo da shi a ranar, in abin ya fi ƙarfinmu mu rubuta masa takarda zuwa babban asibitin Tawa.