Darasi na Wata: Abin da Manoman Inabi na Chablis Za Su Koya Mana

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata daga ƙasar Faransa ya fito. Akwai wani ƙaramin gari can mai suna Chablis, a baki ana cewa Shabli. Sunansa ya kai ko'ina a duniya saboda farin ruwan inabi. Da yawa cikin masu nomansa iyalai ne masu ƙananan gonaki. Ba cewa muke ku shiga wannan sana'a ba. Yadda suke riƙe gona da suna, shi ne abin dubawa.

1. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya

Inabi iri ɗaya tak ake nomawa, wato Chardonnay. Ƙasar wurin fara ce mai tsakuwa, har ana tsintar ɓawon ƙananan halittun teku a cikinta. Tun shekarar 1938 doka ta hana a sa sunan Chablis a kwalba sai inabin a yankin aka nome shi. Doka ta kuma ƙayyade iyakar abin da za a samu daga kowace kadada.

2. Haƙuri da aski

Wanda ya dasa kuringa zai jira wajen shekara 3 kafin ya tsinki 'ya'ya. Kowane lokacin sanyi manomi yakan datse yawancin rassan. Kuringar da aka bar mata rassa barkatai takan yi 'ya'ya da yawa, amma ruwansu salaf. Wajen Satumba ake tsinka, a matse nan da nan, a raba ruwan da ɓawon, sa'an nan a bar shi ya nuna.

3. Masifu

Wajen 1863 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya ɓulla a Faransa, ya yi ta kashe gonaki. Maganin da aka samu shi ne aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro: a ɗaura reshen inabin gida a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Akwai kuma sanyin Afrilu mai daskarar da toho. A 2021 iyalai sun kwana a gona suna kunna wuta tsakanin kunyoyi, duk da haka an yi babbar hasara.

4. Gama kai

A 1923, lokacin da kasuwa ta faɗi, waɗansu manoman suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna La Chablisienne, domin kada kowa ya fuskanci 'yan kasuwa shi kaɗai. Yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan inabin yankin ta hannunta yake fita. Amma mu lura: mutum ɗaya ya kawo gurɓataccen kaya, sunan kowa ne ya ɓaci.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

a) Wane amfanin gona aka san ƙauyenmu da shi?
b) In ɗayanmu ya zuba tsakuwa ko jiƙaƙƙiyar masara a buhun ƙungiya, wa zai biya bashin a kasuwa baɗi?
c) Wace doka za mu sa wa kanmu kafin kaka, wa kuma zai duba buhunan?