Hira da kuɗi a waya ɗaya: shawarwari ga gidajen Karaye

Tun da wasan Hamster Kombat ya yi tashe a 2024, matasa da yawa suka buɗe asusun kirifto a cikin Telegram, inda suke hirarsu ta yau da kullum. Yanzu layi ɗaya ke riƙe da hira da kuɗi, wanda ya ƙwace layin kuwa ya kama hanyar kuɗin.

1. Kalmomin sirri 12 ko 24 da asusu ke bayarwa ranar buɗewa, su ne kuɗin. A rubuta su da biro, a adana tare da takardun gona. Kada a ɗauke su hoto, kada a tura wa kai ta WhatsApp. Duk wanda ya nemi ka faɗa masa su, ko da ya ce ma'aikacin kamfani ne, ɓarawo ne. Kirifto in ya fita, babu bankin da zai dawo da shi.

2. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Telegram da WhatsApp. Lambar da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko da kiran ya zo da sunan shugaban ƙungiyar manoman albasa ta Aliero.

3. WhatsApp na kulle saƙo tsakanin mutum biyu tun 2016. Telegram ba ya yin haka sai an zaɓi Secret Chat, hirar rukuni a cikinsa kuma ba ta da wannan kulle. Hoton NIN da lambar BVN ba nan ne wurinsu ba.

4. Wurin mai caji ya fi damuna. Ranar kasuwar Jega mutum zai miƙa waya a buɗe, a liƙa mata lamba, ya tafi cinikinsa har la'asar. A kulle ta tukuna, a sa wa sim ɗin ma lambar sirri, don ana iya zare shi a saka a wata wayar.

5. Kamfanin CBEX ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rushe a Afrilun 2025, EFCC ta shiga bincike. In an jefa ka rukunin da ake irin wannan alkawari, fita. Kafin ka zuba ko sisi, duba ko hukumar SEC ta yi wa kamfanin rajista.

6. Maigida ya sanar da mutum ɗaya amintacce inda takardar kalmomin take. In ta Allah ta kasance ba wanda ya sani, magada ba su da hanyar kaiwa ga kuɗin.